Yatsan Baba a Bayan Tayil

Ranar da za a buɗe tanderu ban iya karyawa ba. Mama ta ajiye mini shayi a gefen teburin zane, ya huce har ya yi fata, ban ko dube shi ba.

"Ki sha mana, 'yar nan. Tanderun ba guduwa zai yi ba."

"Na ƙoshi, Mama."

"Da me kika ƙoshi? Da kallon ƙofa?"

Gaskiyarta, ƙofar nake kallo. Aikin da na yi wata da watanni ina yi yana bayan waccan ƙofar ta ƙarfe, aurena kuma yana ciki tare da shi.

Babana mai tayil ne. Duk wanda ya taɓa gina gida na ji da kai a garinmu ya san shagonmu, ya san furanni da tsuntsaye masu launin shuɗi da ake zanawa a kan farin tayil, a manna a bangon falo ko a bakin famfo. Mutane suna cewa hannun Baba na daban ne. Su zo su gaishe shi, su yaba, shi kuma ya gyara tsayuwa cikin rigar aikinsa mai tabon fenti yana murmushi.

A da can gaskiya ne. Shi yake kwaɓa yumɓu, ya buga tayil a akwatin katako, kuma kowanne sai ya danna babban yatsansa a bayansa kafin ya bushe. Yatsan yana da tabon yankan wayar yanka yumɓu a tsakiya, don haka tambarinsa ba ya ɓuya. Ina ƙarama nakan sa yatsana a ramin in ce na shiga ɗakin Baba.

Amma hannun nan ya daɗe da mutuwa. Tun ina budurwa ya fara karkarwa, yau ko kofi sai ya riƙe da hannu biyu. Akwatin bugun yana rataye a ƙusa yana shan ƙura, daga kamfani muke sayo tayil. Zanen kuwa ni nake yi, a ɗakin ciki, bayan labule. Tabon fentin da ke rigarsa ma ni nake ɗiga masa duk sanda aka wanke ta.

Na haura talatin a bayan labulen nan. Manema sun zo, don ni ba mummuna ba ce, ko maƙiyina ba zai ce haka ba. Sai dai kowanne ya fara zuwa da zafinsa, kafin ka ankara ya ɓace. Daga baya nake jin an gaya wa wani ina da ciwon ƙirji, an gaya wa wani ina da baƙin rai, ba na zama da mutane. Ban taɓa tsayawa na bi diddigin mai faɗar ba.

Sai Mai Wuta ya zo.

Shi yake kula da tanderu, kuma haka kowa yake kiransa. Dogo ne, marar surutu, gashin hannunsa duk ya babbake. Shi kaɗai ne bare da ya san sirrin labule, don daga hannuna yake karɓar aiki. Fentin da nake zane da shi launin toka ne kafin ya shiga wuta, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Sai wuta ta ci shi yake fitowa shuɗi mai sheƙi.

Ranar da ya fara buɗe tanderu a gabana ya ɗago tayil ɗaya yana hura yatsunsa, ya ce, "Ke kina ba ni toka, ni ina dawo miki da sararin sama."

Tun daga ranar yake ce mini Shuɗiya. Tun daga ranar kuma na kamu da sonsa, irin son da ba na jin kira.

Mama ba ta so ba. Ita Mai Otal take so, wani mai tumbi da matarsa ta rasu, wanda ya zo ya ba da aikin babban zane na bangon otal ɗinsa: lambu guda, da itatuwa da ƙorama da tsuntsaye, tun daga ƙasa har sama. Ya hango ni ina wucewa da bokiti, shi ke nan ya fara aiko turare. Ina mayarwa, Mama tana tarewa a hanya ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta.

Da Mai Wuta ya durƙusa gaban Baba ya nemi aurena, Baba bai yi faɗa ba. Murmushi ya yi.

"Ba zan hana ka ba," ya ce. "Amma 'yata ba ta auren wanda bai iya sana'arsa ba. Ga aikin Mai Otal nan. Ka gasa shi a wuta ɗaya. Idan ya fito lafiya, ko tsaga babu, ka ɗauke ta. Idan ya ɓaci, kada ka ƙara kallon inda take."

Mai Wuta ya yarda, har da dariya. Bai taɓa ɓata aiki ba.

Zanen tayil ba kamar na takarda ba ne. Ana tsoma tayil a farin ruwan ƙyalli, ya bushe ya zama kamar gari a kansa. Da zarar buroshi ya taɓa, garin ya shanye fentin nan take, ba a gogewa, ba a gyarawa. Ɗigo ɗaya ya faɗa inda bai dace ba, tayil ya tafi. Haka na zana lambun nan, ganye bayan ganye, ina riƙe numfashi, bayana yana ciwo, idona yana ruwa. A can ƙuryar ƙasa, inda ba mai lura, na ɗora wasu ƙananan tsuntsaye biyu a kan reshe ɗaya. Na nuna wa Mai Wuta, na ce ni ce da shi, ya ce na fi shi dogon baki.

Ranar buɗewar, da hantsi ya ɗaga, tanderun ya gama hucewa. Muka taru a tsakar shago: ni, Mama, Baba da rigarsa mai tabo, sai ƙanwata Auta. Ita Auta ba ta taɓa sanin inda ake ajiye buroshi ba, ta ce ƙurar shago tana sa ta atishawa, amma ranar ta zo ta ci kwalliya tana ƙamshi.

Mai Wuta ya kalle ni, ya kashe mini ido ɗaya, ya ja ƙofar.

Tun ƙofar ba ta gama buɗewa ba na ga fuskarsa ta sauya.

Wani abu ya fashe a ciki. Tsingaro ya watsu a kan kowane jere, ƙyallin ya narke ya riƙe shi gam. Lambuna ya fito shuɗi, shuɗin da ban taɓa ganin mai kyaunsa ba, amma duk ya yi ƙuraje kamar fuskar mai ƙyanda. Babu tayil ɗaya da za a iya mannawa a bango.

Na zauna daɓas a ƙasa.

Baba ya matso a hankali, hannayensa a baya, ya leƙa, ya girgiza kai.

"To, ango. Ga aikinka."

"Baba, wallahi na duba kowanne," in ji Mai Wuta. "A bushe suke. A hankali na ɗaga wutar, ban matsa ko nan da can ba."

"Wa ya jera?"

"Ni."

"Wa ya hura?"

"Ni ne, amma..."

"To wa kake so in tambaya, bango? Kai ne mai son aure? Wutar da za ta dafa ruwan shayi ma ban yarda ka hura ba. Ka ƙona mini suna, ka ƙona wahalar yarinyar nan, kana tsaye kana mini rantsuwa!"

Na rarrafa na riƙe ƙafarsa, ina kuka kamar raina zai fita.

"Baba, don Allah. Zan sake zanawa, ko idona zai makance zan sake. Ka ƙara masa dama ɗaya. Ban taɓa roƙonka komai ba, Baba, ka tuna, ban taɓa ba."

Ya zare ƙafarsa.

"Ni magana ɗaya nake yi. Ya ji sharaɗi, ya yarda, har da dariya. Tashi ki ba ni wuri."

Mama ta ɗago ni tana share mini fuska da gefen mayafinta, tana raɗa mini a kunne. "Allah ne ya tsare ki, 'yar nan. Wanda bai iya riƙe wuta ba zai iya riƙe ki? Ga mutum can yana jiranki da gidansa da motarsa."

Ta cikin hawaye na hango Auta ta miƙa wa Mai Wuta kofin ruwa.

"Sha, ka ji? Yaya ta kanta take yi, ta manta da kai."

Ya karɓa ya sha. A lokacin ban kawo komai a raina ba, ni sarkin wauta, har na gode mata a zuciyata.

Kwanakin da suka biyo baya ban gan shi ba sai daga nesa. Abin da ya ɗaure mini kai, Baba bai kore shi ba. Yana nan yana kankare tanderu, idan na leƙo ta labule sai ya juya baya. Na ce kunya ce take cinsa, na ƙara jin tausayinsa.

Wata rana da yamma na zagaya bayan shago, inda ake zubar da fasassun kaya. Tsuntsayena nake nema, ko a ɓace ne in ajiye su a ƙarƙashin matashina. Ina tona tarin da kara sai hannuna ya kai kan wani guntu.

Ya fi sauran kauri. Babu ɗigon shuɗi a fuskarsa, fari ne tas. Cikinsa kuma jan yumɓu ne, alhali tayil ɗin kamfani farin ciki gare shi, bayansa da layi-layi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tanderu ya san ɗanyen yumɓu mai ruwa ba ya shiga wuta. Ruwan zai tafasa a cikinsa ya tarwatsa shi, ya tarwatsa na kusa da shi. Wani ne ya kwaɓa yumɓu, ya buga tayil, ya tsoma a farin ƙyalli don ya saje da sauran, ya cusa shi a tsakiyar aikina.

Na juya bayan guntun.

Ga ramin nan. Ramin babban yatsa, da layin tabo ya ratsa tsakiyarsa.

Na sa yatsana a ramin. Sai na tuna ranar da aka jera tanderun, daf da za a rufe, Baba ya aiki Mai Wuta ya sayo masa maganin ciwon kai, ya ce shi zai tsare. Na tashi na leƙa ta taga na kalli akwatin bugun da ke rataye a ƙusa. Babu ƙura a jikinsa.

Ya yi dabara ta kowace fuska, tsohon nan. Abu ɗaya ne ya ci shi: hannu ya saba. Ya buga tayil, yatsa ya danna da kansa, ina jin shi ma bai san ya danna ba.

Da gudu na shiga ɗakin tanderu, mayafina yana jan ƙasa. Kuka nake ina dariya a lokaci guda.

"Duba! Duba nan! Ba laifinka ba ne, ba ka ɓata komai ba! Mu je mu nuna wa Mama, mu nuna wa kowa!"

Mai Wuta yana tsaye da tsintsiya. Bai miƙo hannu ba, bai ma kalli guntun ba.

"Na gani," ya ce.

"Ka ga me? Ai yanzu na tsinto shi."

"Ni na share tanderun, Shuɗiya. Tun ranar na gan shi. Ni na jefar da shi a can."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

"Ka gani, ka yi shiru? Ka bar ni ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, ina jin tausayinka, kana sane?"

"Ban yi shiru ba. Na kai masa."

"Ya ce me?"

Ya jingine tsintsiyar, ya sake ɗauka, kamar bai san inda zai sa hannunsa ba.

"Ya ce in zauna. Ya ce shi ba ya ƙina, ɗa ya ɗauke ni. Ya ce tanderun nan nawa ne har ƙarshen rayuwata, zai sa a rubuta ni a allon shago." Ya kawar da kai. "Ya ce ke dai ba zai yiwu ba. Amma zai ba ni Auta."

Na yi dariya, don na ɗauka ƙarshen labarin shi ne ya tashi ya bar masa wurin.

"Kai kuma ka ce me?"

Ya hau share inda ya riga ya share.

"Na ce ka ce me?"

"Ki fahimce ni. Mahaifiyata ta tsufa, kullum kukanta ta ga na ajiye iyali. Ba ni da wata sana'a sai wannan, kuma duk garin nan babu wani tanderu sai nasa. Idan na ja da shi ya kore ni, ina zan kai ki? Me zan ba ki ki ci?"

"Mun ce za mu gina namu! A nan, a bakin ƙofar nan ka tsaya ka ce ko da laka ne za ka gina mana, ni in zana kai ka gasa!"

"Da baki muka gina shi, Shuɗiya."

Hawaye suka ɓalle mini. Na kama gaban rigarsa mai ƙaurin hayaƙi, rigar da nake jin ƙaurinta ya fi turaren Mai Otal.

"Dube ni. Dube ni ka ce kana son Auta. Yarinyar da take toshe hanci idan ka wuce? Ka ce kana sonta, in sake ka."

"Ban ce ina sonta ba. Amma ita ta yarda. Ta ce ta daɗe tana..."

Bai ƙarasa ba, ba kuma sai ya ƙarasa ba. Na tuna kwalliyar ranar, na tuna kofin ruwan.

Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya sassauta murya irin yadda yake yi idan yana lallashina.

"Ba rabuwa muka yi ba fa. Kullum za mu riƙa ganin juna. Ke kina zane, ni ina gasawa, kamar da. Me ya canza?"

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na saki rigarsa, na goge hannuna a zanena.

"Kada bakinka ya ƙara kirana da sunan nan."

Baba yana gaban shago a kan kujerarsa, ya riƙe kofi da hannu biyu. Mama tana gefe tana ninke tsummokin goge tayil. Na ajiye guntun a kan tebur, bayansa yana kallon sama.

Ya kalla. Bai firgita ba. Na kama hannunsa na dama mai karkarwa, na ɗora babban yatsan a ramin, ya zauna daram.

Sai ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ka ji hannu. Bai manta ba."

"Me na yi maka, Baba?"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Me na yi maka? Tun ina budurwa nake bayan labulen can. Ƙawayena sun yi aure, 'ya'yansu suna makaranta, ni ina zana ganye ana yabonka. Ban taɓa ɗaga labulen ba, ban taɓa cewa ni ce ba. Da wannan za ka saka mini?"

Ya ajiye kofin a hankali, don kada ya zube.

"Ke kina da hannu, shi yana da wuta. Idan kuka haɗu a gida ɗaya ni kuma in zama me? Mai share muku ƙofa? Kafin shekara ta zagayo kun buɗe naku, kowa ya gane, a riƙa nuna ni a titi ana cewa ga tsohon da ya ci da gumin 'yarsa. A rabe, kowannenku yana bukatata. A haɗe, ba ni da amfani. Ni ba yaro ba ne."

"Malamin makarantar nan da ya nemi aurena, kai ka ce masa ina da ciwon ƙirji?"

"Ni ne."

"Da mai shagon magani?"

"Shi ma ni ne. Kada ki wahalar da kanki da lissafi, duka ni ne."

Na juya wurin Mama. Ba ta ɗago ba, ninkin tsumman da ta riga ta ninke take sake yi. Ashe ta sani, duk shekarun nan ta sani.

"Mama, ke ma?"

Ta fashe da kuka. "To ya zan yi, 'yar nan? Da me za mu ci? Shi ya sa na matsa miki a kan Mai Otal, na ce shi babba ne, ko babanku zai ji nauyinsa." Ta juya ga Baba tana roƙo. "Ka ba ta shi mana. Tunda ka raba ta da wancan, ka bar ta ta yi ɗakinta kamar kowace mace."

"Shi ma ba zai samu ba. Gobe zai zo jin maganar aikinsa, zan gaya masa abin da na gaya wa sauran."

"Baba, laifina mene ne?" na ce.

Ya dube ni ido cikin ido, ba fushi, ba tausayi, kamar yana duba tayil ko ya tsage.

"Kin iya. Shi ne laifinki. Auta ba ta iya komai ba, don haka ita za ta yi aure."

Kamar an kira ta, sai ga Auta a bakin ƙofa tana gyara ɗan kunne. Ta ji komai, ko a jikinta.

"Yaya, ki yi haƙuri mana. Ai ke kin saba da zaman ɗaki, ni ba zan iya ba." Ta matso ta dafa kafaɗata. "Kuma Baba ya ce idan kin gama na Mai Otal za ki zana mini na ɗakin girkina. Tsuntsaye nake so, guda biyu a kan reshe, irin waɗanda suka ɓaci."

Ban mare ta ba. Har yau ina mamakin hannuna da bai tashi ba. Na ɗauki guntuna na shige bayan labule, kukan ma ya ƙafe.

Washegari da safe Mai Otal ya zo, shi da abokansa biyu da ya daɗe yana cika wa baki da hannun Baba. Ina jin su ta labule. Baba yana ba da haƙuri, yana ɗora laifi a kan wuta, yana alkawarin zai sake zana lambun da hannunsa, wanda ya fi na farko. Mai Wuta yana tsaye a ƙofar ɗakin tanderu kansa a ƙasa, Auta a kusa da shi.

Na ɗauki faranti. Na ɗora farin tayil mai busasshen ƙyalli, da kwanon fenti, da buroshina mafi siriri. Na ɗaga labulen da ban taɓa ɗagawa gaban baƙi ba, na fito.

Na durƙusa na gaishe su da ladabi.

"Baba ya ce don ku san da gaske yake, yau a gabanku zai ja layin farko."

"Madalla!" in ji Mai Otal, ya tafa hannu, ya jawo kujera. "Dama ban taɓa ganinsa yana yi ba. Ku matso, ku matso ku ga ikon Allah."

Na ajiye farantin a gaban Baba. Na tsoma buroshin har ya sha fenti, na buɗe yatsunsa na sa masa, na rufe su a kai. Sannan na koma gefe na sa hannayena a baya.

Buroshin ya fara rawa.

Baba ya yi murmushi wa baƙi, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya yafito ni da kai kamar zai ce in ƙaro ruwa. Na sunkuya, ya yi magana ta cikin haƙora.

"Karɓi abin nan. Ki ce kin manta fentin bai haɗu ba. Karɓa in ba ki abin da kike so."

"Me ya rage da za ka ba ni, Baba?"

"Zan fasa na Auta. Ki ɗauke shi, na ba ki."

Na ɗaga ido na kalli Mai Wuta. Ya ji, don kunnensa yana wurin. Ya ɗago kai yana kallon bakin Baba, yana jira a gaya masa wadda zai so. A nan ne son ya mutu, na ji mutuwarsa a ƙirjina, kuma ya yi ciwo fiye da komai da ya gabata.

"Ba na so," na ce a hankali. "Mutumin da ake miƙawa a karɓe kamar bokiti, ku riƙe abinku."

"Idan kika tona ni, ba ni ba ke har abada."

"To, Baba."

Na miƙe tsaye.

"Malam, muna jira," in ji ɗaya daga cikin baƙin.

Baba ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya matso da buroshin kan tayil. Hannayen biyu suka haɗu suna karkarwa. Fenti ya taru a bakin buroshin, ya yi nauyi, ya faɗo. Wani ya biyo shi, wani ya sake biyowa, suka watsu a kan farin kamar kashin kaza. Garin ƙyallin ya shanye su nan take.

Mama ta toshe bakinta da mayafi.

Mai Otal ya daɗe yana kallon hannun Baba. Ya kalli tabon da ke rigarsa, ya kalli faratansa fes, babu ɗigon fenti. Sannan ya juyo gaba ɗaya, shi da tumbinsa da kujerarsa, ya fuskance ni.

"Baiwar Allah," ya ce, "me kike ɓoyewa a baya? Mu ga hannunki."

Na kalli Baba. Leɓensa yana motsi, yana roƙona ba sauti, shi da jiya ya ce iyawata ce laifina. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar, kuma tsorona yake ji.

Na fito da hannayena masu tabon fenti har cikin farata, na buɗe su a kan teburin, kusa da nasa.